Balan-balan ɗin da ya fi Baba tsawo

A gidan mijina akwai abu guda da ba a faɗa, kuma tun makon da aka kawo ni na gane shi: Baba gajere ne.

Baba shi ne mahaifin mijina, tsohon soja, da igiyar Kofur ya yi ritaya. A Zuru wannan ba labari ba ne, kusan duk gidan da ka leƙa sai ka ga hoton wani da kaki a bango. Amma namu hoton sai ka lura da kyau. Baba da abokansa ne a jere, kai daidai da kai, sai dai an yanke hoton daga gwiwa, kuma ƙofar da ke bayansu ƙofar gidanmu ce, wadda na san akwai dakali a gabanta. Takalminsa but ne mai dunduniya kamar bulo. Da shi yake zuwa coci, da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa ta'aziyya. Hularsa kuwa ba ya karya ta, a tsaye take kamar tukunyar da aka kife.

Ni kuma Allah ya yi ni doguwa. Duk gidanmu haka muke. Ina amarya, surukata, wadda kowa ke ce wa Mama, ta zaunar da ni a madafa ta ce, "Ɗiyata, gidan nan ba mu da doka da yawa. Gishiri kaɗan a miya. Kar ki taɓa rediyon Kofur. Sa'an nan in Kofur na tsaye, ke kar ki tsaya."

Na ɗauka ladabi ake koya mini. Sai da na ga ƙanwar mijina, wadda ta ɗauko shi a tsawo, tana tsaye ƙiƙam a gabansa suna gardamar farashin taki, babu wanda ya ce mata ta durƙusa. Daga nan na fahimta. In ya shigo ina shara, sai in tsuguna. In ya fito ina shanya, sai in samu wani abu a ƙasa da nake nema. Maƙwabta har yabona suke yi, wai ba a taɓa kawo amarya mai tarbiyya irina ba. Gwiwoyina ne kawai suka san gaskiya.

Lokacin girbin dawa abin ya faru. Baba na gonarsa ta hanyar Manga yana yi wa masu ɗaurin dami faɗa, sai ya dafe ƙirji, ya zauna a kan dami, zufa ta jiƙa shi. A kan babur aka kawo shi, mutum a gaba mutum a baya. A asibitin gari suka yi abin da za su iya, suka ce zuciya ce, kuma ta fi ƙarfin kayan aikinsu. Yayan mijina hafsa ne a Abuja, shi ya sa aka ɗauke shi zuwa wani babban asibiti can, mijina ya bi su. Mama ba ta je ba, don mota ko zuwa Ribah ne sai ta yi amai har ta fita hayyacinta. Ni kuma ina da jaririya a hannu, ɗiyata ta fari.

Gara in faɗi halina tun yanzu. Ni mai tsoro ce. In yarinyar nan ta yi barci mai nauyi sai in sa yatsa a hancinta. In ta yi atishawa sau biyu na fara tunanin wa zai ara mini babur. A wurin awo wata nas ta taɓa ce mana, jaririn da ya wuni bai jiƙa kunzugu ba, kar a jira gobe. Tun daga ranar na zama mai gadin fitsari. Ban yi nisa a makaranta ba, amma wannan darasin ya zauna.

Muka rage mu biyu a gida da jaririya, sai kuma Baba Saje. Shi abokin Baba ne tun suna samari, rana ɗaya aka ɗauke su soja, yanzu kunnensa ɗaya ya mutu, da ihu yake magana. Tun da aka tafi da Baba, kullum da safe sai ya zo ya zauna a bencin tsakar gida da sandarsa, wai yana riƙe wa Kofur gadi. Abin da yake riƙewa dai kwanon kunu ne.

Washegarin tafiyarsu da hantsi mijina ya kira. Na buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Maman Bebi, ku kwantar da hankali. An sa mishi balan-balan."

Mama ta ce, "An sa mishi mi?"

"Balan-balan, Mama. Siriri ne, dogo. Ta jijiyar cinya suka tura shi har babbar jijiyar da ke bayan zuciya. Akwai inji a gefen gado, shi ke hura shi ya sace, ya hura ya sace. In zuciya ta huta sai ya kumbura ya tura jini, in za ta buga sai ya ba ta hanya. Taimaka mata yake yi kafin ta farfaɗo."

"Irin wanda yara ke fasawa da Kirsimeti?"

"Ba irinsa ba ne, Mama."

"To ka ce musu kar wanda ya zo kusa da shi da allura."

"Mama, asibiti ne. Ko'ina allura ce."

Mama ta ɗora hannu a ka. Baba Saje ya daka tsawa, "Mi ya ce?" Na maimaita masa a kunnen mai rai. Ya gyaɗa kai ya ce ai a bariki sun ga abin da ya fi haka.

Mijina ya ci gaba, muryarsa har da alfahari. Wai abin girma-girma ne, akwai na dogaye, akwai na matsakaita, akwai na gajeru. Da aka shigo da Baba ana gaggawa, yana nannaɗe da ciwo, likita ta tambayi tsawonsa don ta zaɓi wanda za ta sa.

"Ka ce mata mi?" in ji Mama.

"Na faɗa mata tsawon da ya shiga soja da shi mana. Wanda yake faɗa kullum."

"Madalla," in ji Mama. Baba Saje ya buga sanda a ƙasa.

Ni dai maganar tsawon ta ɗan tsaya mini a rai, amma ni komai tsaya mini yake, don haka ban ba ta muhimmanci ba.

Washegari ya sake kira. Ya ce Baba ya farka, yana magana, har ya zagi wani ma'aikaci da ya cire masa but. Ƙirjin ya yi sauƙi. Sai dai yana kukan ciki, wai ya ɗaure masa kamar ganga. Sai mijina ya ƙara da dariya, "Amma fa bai dami kowa ba. Robar fitsarin da suka sa mishi, jakar tun jiya kusan a bushe take. Ko zubarwa ba a yi ba."

Na miƙe da yarinya a hannu ban san na miƙe ba.

"Baban Bebi, tun jiya?"

"Ɗan kaɗan dai a ƙasan jakar, ja-ja haka."

"Likita ta gani?"

"Ta gani. Ita ma ta dame ni da maganar. Ku mata dai da..."

"Tana ina? Don Allah ba ta wayar."

Ban taɓa magana da likita ba sai in an tambaye ni. Ashe 'yar arewa ce, Hausa a bakinta tas. Ta gaishe da Mama da kyau, ta tambayi jaririya don ta ji kukanta, sannan ta yi bayani yadda ko ni na gane.

Ta ce mu ɗauka lambu ne. Akwai babbar hanyar ruwa da ta sauko daga zuciya ta bi ta ƙirji ta gangara ciki. A ƙasa, wajen ciki, ƙananan hanyoyi sun rabu da ita, wata ta shayar da hanta, wata hanji, wasu ƙoda. Balan-balan ɗin wurin zamansa sama ne, ya ƙare kafin ya kai bakin waɗannan ƙananan hanyoyin. In ya yi wa mutum tsawo, gindinsa zai sauko ya zauna a bakinsu, duk kumburar da zai yi sai ya tare su. Zuciya na samun taimako, fangalin ƙasa na bushewa.

"Hoton da muka ɗauka ya nuna kansa na inda ya kamata," in ji ta, "don haka ba zamewa ya yi ba. Ina zargin ya yi masa tsawo ne. Amma canza shi ba wasa ba ne ga mai zuciya irin tasa, ba na so in taɓa sai na tabbata. Ina son tsawonsa na gaskiya. Ni a idona bai kai abin da aka faɗa mini ba."

Mama ta ce, "A kwance yake shi ya sa. Kowa in ya kwanta raguwa yake."

"To Mama, na kawo tef in auna shi, ya ƙi."

Mijina ya karɓe zancen. Wai da Baba ya ga an miƙa tef daga kansa zuwa ƙafa, sai ya yunƙura zai tashi, shi da aka ce ko ƙafar kar ya lanƙwasa. Ya ce shi ya san wa ake aunawa a kwance. Kafinta ne ke yin haka in zai haɗa akwatin gawa. Ya ce in sun gama da shi su faɗa masa baki da baki kamar soja. Injin ya hau ƙara, ma'aikata suka danne shi. Da suka jira ya yi gyangyaɗi suka sake gwadawa da igiya, ashe ido ɗaya a buɗe yake. Maganin barci kuma likita ta ce ba ta so ta ƙara masa a halin da yake.

"Gaskiyarsa," in ji Mama. "Ba a auna mai rai a kwance. Ko ni ba zan yarda ba."

Likita ta ce, "To ku da kuke gida ku taimake ni. Ku nemo mini tsawonsa ba takalmi ba hula. Ƙoda ba ta daɗe tana jira. In ta bushe, ko zuciyar ta warke mun shiga wata matsalar da ta fi wannan."

Aka kashe waya.

Na ce, a hankali, "Mama..."

"Tsawonsa shi ne wanda gwamnati ta karɓa," in ji ta, ba ta ko dube ni ba. "Gwamnati ba ta ɗaukar gajere."

Na je kunnen Baba Saje na zuba masa duk abin da aka ce. Na ɗauka zai taimake ni. Ya miƙe tsaye, ya ce shi shaida ne, a gabansa aka auna Kofur ranar ɗaukar soja, kuma ya cika awo cif.

"Har da taimakona!" in ji shi da ihu. "Zuwan farko suka koro shi, wai saura kaɗan. Muka koma gida. Na rataye shi a reshen tsamiya da duwatsu a ƙafa, bai ƙaru ba. Ranar komawa da safe na ce, Kofur, lokacin ba Kofur ba ne, na ce durƙusa. Na ɗauki taɓaryar uwarsa na sauke mishi a tsakar ka. Kafin mu isa ƙulu ya tashi kamar ƙwan agwagwa. Suka ɗora katako a kan ƙulun, ya yi ƙara, suka ce ya wuce. Da wanga hannun na yi shi soja!"

Ya ɗaga hannun muna kallo.

Na ce, "To Baba Saje, ƙulun yana nan har yanzu?"

"Mi?"

"Ƙulun! Yana nan?"

"Ya saɓe mana. Amma an riga an auna."

"Saje, zauna," in ji Mama. "Kunun ka na hucewa."

Na shiga ɗakin Baba, inda ban taɓa shiga ba sai da tsintsiya. Na ɗauko wandonsa, sai na tuna har ƙirji yake jan shi. Na duba babbar rigarsa, ita kuma ƙasa take ja. Na duba bangon da yake jingina, akwai tabon man kai, amma a zaune yake jingina. Duk abin da ke ɗakin nan an horar da shi ya rufa wa mai shi asiri. Na tsaya riƙe da wando ina kuka, yarinya a bayana ita ma ta kama. Ina ta ganin jakar nan a idona, a bushe.

Kukan yarinyar ne ya tuna mini ranar da zan haife ta. Naƙuda ta kama ni da rana tsaka, Mama na taron zumuntar mata, mijina ya yi nisa da babur. Baba kaɗai ne a gida, ya fito daga wanka da zane a ƙugu. Da ya ji ihuna bai tsaya neman but ba, bai tsaya neman hula ba. Ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin hammatata, ya riƙe ni muka taka har bakin titi, yana cewa, "Hagu, dama, ɗiyata, hagu, dama, kar ki faɗi a hannuna." Ranar ban tsuguna ba, don ba hali. Kuma duk tsawon hanyar nan sanƙonsa na gogar ƙasan haɓata. Har ƙamshin sabulunsa ina tunawa. Ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da shi.

Na fito na aika a kira mini maƙwabciyarmu tela, ta zo da tef ɗinta a wuya, bakinta da zare.

"Wa za a ɗinka wa?"

"Ni za ki auna. Daga ƙasa zuwa haɓa."

"Wace irin riga ce wannan? Ta fatalwa?"

Na cire takalmi, na jingina da bangon rumbu, na miƙe iyakar miƙewata. Sai na ji tsakar gidan ya yi mini ƙanƙanta, har ina hango awakin maƙwabta ta saman katanga. Na faɗa musu labarin ranar naƙuda, kaina a sama don tela ta ce kar in motsa, idona na kallon rufin rumbu, wanda ya taimaka, don ba zan iya kallon Mama ba.

Baba Saje ya ce ƙarya ne. Ya ce titin gangare ne, ni ina ta sama Kofur na ta ƙasa. Ya ce kuma mace mai ciki tsawo take ƙarawa, kowa ya sani. Tela ta ce ita haihuwarta shida ba ta ƙaru da komai ba sai faɗi. Ya ce ba da ita yake ba. Ta ce to ya rage murya, ba a fareti ake ba.

Mama na zaune a kujerarta 'yar tsugune. Ni na riga na sallama. Na ce a raina yau na tona abin da aka rufe tun kafin a haifi mijina, a gaban tela kuma, wadda in ta ji magana da safe, kafin azahar ta kai kasuwa. Watakila in an sallamo Baba ni ma a sallame ni. Amma gara ya dawo ya kore ni da bakinsa.

Tela ta danna farcenta a tef ɗin daidai haɓata za ta karanta. Sai Mama ta dafa gwiwa ta tashi. Ta tako a hankali, ta kama hannun tela. Na rufe ido, na ɗauka fizge tef ɗin za ta yi.

Sai ta ja farcen ƙasa.

"Sauke yatsa biyu," in ji ta. "Mai naƙuda ba ta miƙewa sambal, ko ta ce ta miƙe. A ranƙwafe kike."

"Matar Kofur!" in ji Baba Saje. "Ragewa kike yi?"

"Saje, taɓarya ɗaya ka buga mishi. Ni shekara da shekaru nake kwana gefen mutumin nan." Ta juya ga tela. "Zo ki auna ni. In muka kwanta ya daidaita kansa da nawa a matashi, ƙafarsa a idon sawuna take ƙarewa. Da sanyi nan yake cusa ta. Auna ni daga ka zuwa idon sawu."

Baba Saje ya hau tari, ya juya yana duban kaji. Tela ta tuntsire da dariya har zaren bakinta ya faɗi. Mama ta cire ɗankwali, ta jingina da rumbu kusa da ni, fuskarta a murtuke kamar mai ɗaukar hoton katin zaɓe. Aka auna. Awon Mama da nawa da aka sauke wa yatsa biyu suka zo kusan wuri ɗaya, bambancin bai kai faɗin farce ba.

Tef ɗin fuska biyu gare shi, ɗaya mai manyan lambobi, ɗaya mai ƙanana. Ban san wadda likita ke so ba, sai na sa tela ta karanta mata duka biyun a waya. Lambar ba zan rubuta ta a nan ba. Baba na da rai, kuma yana da masu karanta masa abu.

Likita ta ce, "Na gode, 'yar'uwa. Abin da idona ya ba ni ke nan. Wanda ke jikinsa na wanda ya fi shi tsawo ne. Za mu sa ƙarami."

Mama ta karɓe wayar. "Likita, ɗiyata, roƙo ɗaya. Kar ki ce mishi ƙarami."

"To me zan ce, Mama?"

Mijina ya ce a bar masa wannan. Daga baya ya ba mu labari, wai ce wa Baba ya yi canjin gadi ne, wancan ya gama aikinsa, sabo zai karɓa. Baba ya ce haka ne tsari, ya kwanta lamo aka yi.

Tela kuwa kafin ta fita Mama ta tare ta a zaure. Ban ji abin da ta ce mata ba, da yarenmu ta yi kuma ƙasa-ƙasa. Na dai ji an ambaci wani yadi da aka taɓa ɓatawa. Har yau maganar ba ta je kasuwa ba.

Sai jira. Na yi wanki wanda bai yi datti ba. Na canza wa yarinya kunzugu, da na ji shi a jiƙe sai hawaye ya zo mini, wai ita da ba ta san komai ba tana zubarwa a banza, ga kakanta can ana nema. Duk sanda waya ta yi motsi sai in yi wuf in ɗauka. Sau ɗaya kamfanin waya ne ke tallar waƙa. Mama ta zage su har kakanninsu. Da yamma mijina ya kira ya ce an canza lafiya, amma jakar har yanzu shiru, likita ta ce a ba ƙodar lokaci, ba ta yi alkawari ba. Na tambaye shi launin ɗan abin da ke ciki. Ya ce shi bai zo Abuja kallon fitsari ba. Na ce to me ya je yi? Bai taɓa jin na mayar masa da magana haka ba, sai ya je ya duba.

Washegari da safe Baba Saje ya zo bai ko taɓa kunu ba. Muna zaune mu uku, waya a kan turmi a tsakiyarmu. Da ta yi ƙara, Mama ce ta riga ni, ita da ba ta san inda ake dannawa ba.

"Mama!" in ji mijina. "Ya zo! Jakar ta kusa rabi, har an zubar an sake! Cikin ma ya saki, yana neman tuwo!"

Mama ta rangaɗa guɗa. Ta sake rangaɗawa. Matan unguwa suka shigo da gudu, wasu da ludayi a hannu, suna tambaya wa ya haihu, wa zai yi aure.

"Kofur ya yi fitsari!" in ji Mama, tana juyi a tsakar gida da gwiwoyin da ta ce ba sa lanƙwasuwa. "Kofur ya yi fitsari!"

"Mi ya yi?" in ji Baba Saje.

Mata wajen goma suka haɗa baki suka faɗa masa. Ya miƙe ya ƙame ya sara wa turmi. Shugabar zumuntar mata ta ce a yi addu'ar godiya, ta fara da kyau, da ta zo wurin faɗin abin da ake godiya a kai sai ta rasa kalmar da za ta shiga addu'a, ta ce, "Ubangiji, ka dai san abin da ka buɗe." Muka ce amin.

Bayan 'yan kwanaki aka cire balan-balan ɗin gaba ɗaya, aka buɗe masa jijiyar zuciyar da ta toshe. Ya dawo gida an gama sussuka, ya rame, wuyansa na yawo a cikin riga, da jakar magunguna da dokar hana gishiri kwata-kwata. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa. A bencin tsakar gida yake karɓarsu, Baba Saje a gefensa, ni da Mama muna bakin madafa muna tsintar shinkafa.

"Da suka gan ni," in ji Baba, "likitar ta ce a kawo babba. Babban ciki duka. Aka sa. Ashe zuciyata ba ta saba a yi mata aiki ba. Ita tana turawa, shi yana turawa, ƙarfi ya yi yawa, jini ya rasa inda zai bi. Likita ta ce, Kofur, ba mu taɓa ganin irin wannan ba, dole mu rage, in ba haka ba injin zai lalace."

"A gabana aka yi," in ji Baba Saje, wanda bai taɓa wuce tasha ba.

'Yan dubiya suka jinjina kai. Wani ya ce sojan da ke nan, ba na yanzu ba. Baba ya gyara zama zai shiga bayanin yadda ma'aikata huɗu suka kasa danne shi, sai ya tsaya a tsakiyar magana. Cikin magungunan akwai na sa fitsari, wanda ba ya ba mutum uzuri. Ya ce su dakata yana zuwa, ya miƙe ya nufi bayan gida da sauri-sauri.

Ni da Mama muka tsayar da hannu a cikin faifai. Ba mu dubi juna ba. Muka kasa kunne wajen katangar. Da muka ji, kuma muka ji ya daɗe, sai Mama ta tura mini faifan ta ce akwai sauran tsakuwa a gefena.